Tilo da Jam'i a Turanci: Amsoshin Tambayoyin da Ɗalibai Suka Fi Yi

Na daɗe ina koyar da Turanci, da safe a aji, da yamma kuma ga masu shirin WAEC da NECO da JAMB. Duk shekara fuskoki ne ke canzawa, tambayoyin tilo da jam'i kuwa suna nan yadda suke. Har manyan ma'aikata kan turo mini takardar neman aiki ko rahoton ofis in duba musu, sai in tarar jan birona yana sauka a daidai wuraren da yake sauka a littafin ɗan aji uku. Shi ya sa na tattara tambayoyin wuri guda, na faro daga tushe.

Mene ne tilo, mene ne jam'i, kuma yaya Turanci yake yin su?

Tilo shi ne sunan da ke nuna abu ɗaya, jam'i kuma wanda ke nuna fiye da ɗaya. Wanda ya karanta nahawun Larabci a Islamiyya ya san can kashi uku ne, akwai musanna na abu biyu a tsakiya. Turanci ba shi da wannan, kamar Hausa yake, daga biyu zuwa sama duk jam'i ne. Dokar asali kuwa gajeriya ce, a liƙa *s* a ƙarshen suna: *book* ya zama *books*, *farmer* ya zama *farmers*.

Ina so Bahaushe ya kwantar da hankalinsa tun daga nan. Mu da muke cewa gida gidaje, doki dawaki, akuya awaki, sa shanu, littafi littattafai, ba tare da mun tsaya tunani ba, mun riga mun ɗauki kayan da ya fi wannan nauyi tun muna ƙanana. Har sifa muna yi wa jam'i, farin doki, fararen dawaki. Bature ba ya taɓa sifa: *white horse*, *white horses*. Abin da ke juyawa tare da suna shi ne *this* ya koma *these*, *that* ya koma *those*. Abin da ke kayar da mu al'adu biyu ne na harshenmu da muke shiga da su Turanci ba mu sani ba. Ta farko tana cikin amsa ta gaba, ta biyu tana cikin amsar da ke magana kan *information*.

Na san dokar, to me ya sa nake yawan rubuta "two car" da "ten year"?

Saboda Hausa ce ke magana a ƙarƙashin alƙalaminka. A Hausa in lamba ta zo, ita ke ɗaukar nauyin yawan, sunan ya zauna a tilonsa: mota biyu, shekara goma, mutum uku, buhu hamsin. In ka ga dama ka ce motoci biyu, duk daidai ne. Turanci bai ba da wannan zaɓin ba. Ko da lambar ta faɗi komai, dole sunan ya sake faɗa: *two cars*, *ten years*, *fifty bags*. Haka yake bayan *many*, *several*, *few* da *both*.

Wanda ya fi kowanne kama mutane shi ne *one of*. Ɗalibi na ganin *one* sai ya saki tilo, ya rubuta *one of my friend*. Mayar da shi Hausa a zuciyarka: ɗaya daga cikin abokaina. Ba ka taɓa cewa ɗaya daga cikin abokina ba. A nan Hausar ce ma za ta cece ka, ka rubuta *one of my friends*. *Each* da *every* kuwa tilo suke ja, *every student*, kamar yadda muke cewa kowane ɗalibi.

Akwai 'yan wurare da lamba ke zuwa kuma ba a sa *s*. Duba amsar naira da ta *five-year-old* a ƙasa.

Wannan "s" ɗin, yaya ake furta shi?

Rubutu ɗaya ne, furuci uku. Bayan sautin da maƙogwaro ba ya kaɗawa, irin *p*, *t*, *k*, ana jin sa *s*: *cups*, *cats*, *books*. Bayan wasali ko sautin da maƙogwaro ke kaɗawa ana jin sa *z*: *bags*, *pens*, *boys*. Bayan sauti mai huci irin *s*, *sh*, *ch*, *j* sai ƙarin gaɓa ta fito, mai kama da "iz": *buses*, *churches*, *judges*. A aji nakan sa kowa ya ɗora yatsu biyu a maƙogwaronsa, ya ja "ssss", sannan ya ja "zzzz". A na biyun za a ji rawar a yatsu, ajin ya kaure da ƙugi kamar an taɓo amyar zuma, kuma wanda ya ji wannan rawar ba ya cika mantawa.

Galibin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, ba ma jera baƙaƙe biyu ko uku a ƙarshen kalma. Shi ya sa *desks*, *tests* da *months* ke yi wa baki nauyi har *s* ɗin ya zube. Na lura wanda ya saba zubar da shi a magana, a rubutu ma zubar da shi yake yi. Karanta irin waɗannan kalmomin a bayyane, a hankali, har sai ka ji ƙarshensu da kunnenka.

Yaushe ake sa "es", yaushe kuma "y" ke komawa "ies"?

*Es* na sunayen da suka ƙare da *s*, *ss*, *sh*, *ch*, *x* ko *z* ne: *buses*, *classes*, *brushes*, *matches*, *boxes*. In *ch* ɗin *k* ake furta shi, *s* kaɗai ya isa: *stomachs*, *monarchs*. Shi kuma *y*, dubi harafin da ke gabaninsa. In baƙi ne, *baby* ya zama *babies*, *country* ya zama *countries*. In wasali ne, a bar shi: *boys*, *keys*, *days*, *donkeys*.

Me ya sa "knife" ya zama "knives" amma "chief" ya zama "chiefs"?

Nan babu dokar da za ta raba maka su, sai riƙewa, amma ba su da yawa. Masu komawa *ves* tsofaffin kalmomin gida ne: *leaf*, *knife*, *wife*, *life*, *thief*, *half*, *shelf*, *loaf*, *calf*, *wolf*. Galibin saura *s* kawai suke karɓa: *chiefs*, *roofs*, *cliffs*, *proofs*, *beliefs*. A kula da na ƙarshen nan, don *believes* aikatau ne, ba jam'in *belief* ba ne.

Masu ƙarewa da *o* ma haka suka rabu. *Tomatoes*, *potatoes*, *heroes* da *echoes* suna da *e*. Kalmar da aka gutsure, irin *photos* da *kilos*, da wadda wasali ya gabaci *o* ɗinta, irin *radios* da *videos*, ba su da shi. Mangwaro da sauro kuwa ƙamus ya yarda da duka biyun, *mangoes* ko *mangos*, *mosquitoes* ko *mosquitos*.

Daga ina "men", "feet" da "children" suka fito?

Ragowar tsohon tsari ne. Turancin da ake yi a Ingila kafin Normawa, mutanen arewacin Faransa, su ci ƙasar a 1066 yana da hanyoyin jam'i da yawa, kusan irin na Hausa. Wasu sunaye *as* suke ɗauka, wasu *an*, wasu ba sa ɗaukar komai, wasu kuma wasalin cikinsu ke juyawa. Da tafiya ta yi tafiya ƙungiyar *as* ta mamaye saura, ita ce *s* ɗin yau. Waɗanda suka tsira kalmomi ne da baki ke taɓawa kullum. Masu juya wasali bakwai ne: *man men*, *woman women*, *foot feet*, *tooth teeth*, *goose geese*, *mouse mice*, *louse lice*. Asalin juyin shi ne, can da daɗewa akwai wasalin *i* a ƙarshen jam'insu, ya jawo wasalin tsakiya kusa da shi, daga baya ya ɓace ya bar sawunsa. *Women* kuwa "wimin" ake furta shi, a gaɓar farko ake jin bambancin.

Daga ƙungiyar *an* sai *oxen* ya rage. *Children* labarinsa ya fi daɗi, don jam'i biyu ne a kan juna. Tsohon jam'in *child* da *r* yake ƙarewa, sai mutane suka daina jin sa a matsayin jam'i suka ƙara masa *en*. Mu ma muna da irin wannan, mata ya zama mataye, kuɗi ya zama kuɗaɗe. Wanda ya rubuta *childrens* ya ɗora na uku ke nan. *Policeman* da *fisherman* suna bin *man*, su zama *policemen* da *fishermen*, amma *human* da *German* ba daga *man* aka haɗa su ba, saboda haka *humans* da *Germans*.

"Sheep", "fish" da naira fa?

*Sheep* da *deer* na cikin waɗanda tun a tsohon Turanci ba sa ɗaukar komai: *one sheep*, *forty sheep*. *Aircraft*, *species*, *series* da *means* ma siffarsu ɗaya. *Fish* haka yake in yawan kifi ake nufi, *fishes* sai in ana maganar ire-irensa, kamar a darasin kimiyya. Naira da kobo, tun da aka fara kashe su a Janairun 1973, ba a sa musu *s*: *500 naira*, *50 kobo*. Wannan bai shafi sauran kuɗaɗe ba, ana cewa *dollars*, *pounds*, *francs*, da *cedis* a Ghana.

Me ya sa malami ke soke "informations", "advices" da "furnitures"?

Wannan ce babbar tambaya, kuma a nan ɗalibai masu ƙoƙari ma suke asarar maki. Turanci ya raba sunaye gida biyu, waɗanda ake ƙirgawa da waɗanda yake kallo a dunƙule kamar ruwa ko gari. Na biyun ba su da jam'i, kuma *a* ko *an* ba sa zuwa gabansu. Ruwa da shinkafa ba sa ba kowa wahala. Rikicin yana tasowa ne inda Hausa ke ƙirga abu Turanci kuma ya ƙi. Muna cewa bayanai, shawarwari, hujjoji, kayayyaki, duk da jam'insu. Turanci ya ce *information*, *advice*, *evidence*, *furniture*, *equipment*, *luggage*, *stationery*, *machinery*, *homework*, *knowledge*, ba *s* ko ɗaya. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi boko da Faransanci nauyinsu biyu ne, don a Faransanci *informations*, *conseils* da *bagages* duk daidai ne.

Wani matashi kafinta ya taɓa kawo mini takardar da zai kai wata makaranta yana neman kwangilar kujeru. Rubutunsa tsaf, lissafinsa tsaf, amma layin farko ya ce yana yin *furnitures* kuma yana da *modern equipments*. Da na soke, ya ce, "Malam, ai a allon kowane shago a layinmu haka aka rubuta." Gaskiya ya faɗa, kuma shi ya sa kuskuren ke da wuyar fita, ido ya gan shi har ya saba. Amma mai duba jarrabawa da mai karanta takardar kwangila ba da allon shago suke auna mutum ba.

In ana so a ƙirga, sai a aro ma'auni, kamar yadda muke cewa mudun gero uku: *a piece of advice*, *two pieces of furniture*, *three items of luggage*, *a loaf of bread*. Ko a ambaci abin da sunansa, *chairs*, *tables*, *bags*. *Much*, *little* da *less* na wannan gidan ne, *many*, *few* da *fewer* na masu ƙirguwa, *some* da *a lot of* kuma suna shiga ko'ina.

Ya za a ce "money" ba a ƙirga shi?

Wata ɗaliba ta tsayar da ni a kan wannan: "Malam, babana kullum da daddare ƙirga ciniki yake yi." Na ce mata abin da Baba yake ƙirgawa takardu ne da naira, ba ya cewa kuɗi ɗaya, kuɗi biyu. Turanci ma *notes* da *coins* da *naira* yake ƙirgawa, *money* sunan tarin ne, shi ya sa ake tambaya *how much money*. Abin sha'awa, kalmarmu ta kuɗi asalinta jam'in wuri ce, tun zamanin da ake ciniki da shi. *Monies* yana nan, amma a takardun shari'a da na akanta ake ganin sa.

Akwai sunan da ma'anarsa ke canzawa in an sa masa "s"?

Da yawa. *Paper* takarda ce, *papers* takardun shaida ko jaridu. *Work* aiki ne, *works* ayyukan marubuci ko na gine-gine, kamar a sunan ma'aikatar ayyuka. *Custom* al'ada, *customs* kwastan. *Damage* ɓarna, *damages* diyyar da kotu ta yanke. *Arm* hannu, *arms* yana iya zama makamai. *Property* dukiya ce a dunƙule, *properties* gidaje da filaye, don haka wanda ɓarayi suka kwashe masa kayan ɗaki *property* ya rasa. *Experience* gogewa ce, ita ake rubutawa a takardar neman aiki, *experiences* kuma abubuwan da suka faru da mutum.

Wando ɗaya ne, me ya sa "trousers"? Kuma "news" jam'i ne?

Abu mai ƙafa biyu ko baki biyu Turanci jam'i yake ɗaukar sa: *trousers*, *shorts*, *jeans*, *scissors*, *pliers*, da *glasses* in tabarau ne. Ana cewa *my trousers are new*, in za a ƙirga kuma *a pair of trousers*, *two pairs of scissors*. Mun ma aro ɗaya da *s* ɗinsa, silifas, daga *slippers*. *Clothes*, *goods* da *premises* su ma kullum a jam'i suke.

Sai masu ruɗi ta fuska biyu. *News*, *mathematics*, *physics*, *economics* da *measles* suna da *s* amma tilo ne: *the news is good*. *Police*, *cattle* da *people* ba su da *s* amma jam'i ne: *the police are coming*. Ɗan sanda ɗaya *a police officer* ne, saniya ɗaya *a cow*. *Peoples* sai in al'ummomi daban-daban ake nufi, *persons* kuma harshen doka da sanarwar hukuma ne.

"Staff", "team", "family": tilo ko jam'i?

Sunaye tattarau ne. Turancin Ingila ya yarda da duka biyun, *the team is* in ana kallon ƙungiyar a dunƙule, *the team are* in 'yan wasan ake kallo. Shi ya sa mai sharhin ƙwallo a Ingila zai ce *Nigeria are leading*. Turancin Amurka ya fi son tilo. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa har ƙarshen jimla. Abin da nake sokewa shi ne *a staff* da *staffs* in ma'aikata ake nufi. Mutum ɗaya *a member of staff* ne, goma kuma *ten members of staff*.

"Criteria" da "crises" fa, wace doka suke bi?

Dokar Latin da Girkanci, inda masana suka aro su da jam'insu. *Is* na komawa *es*: *crisis crises*, *analysis analyses*, *thesis theses*. *On* da *um* na komawa *a*: *criterion criteria*, *phenomenon phenomena*, *bacterium bacteria*, *curriculum curricula*. *Us* na komawa *i*: *stimulus stimuli*, *alumnus alumni*. Ɗaliban jami'a masu rubuta kundin bincike su kula, *a criteria* da *criterias* duk kuskure ne. Wasu sun saje da gari: *agenda* asalinsa jam'i ne amma yau tilo ne mai *agendas*, *data* kuma ana jin sa da *is* da *are*, ko da yake rubutun kimiyya ya fi riƙe *are*.

Ina ake sa "s" a harɗaɗɗen suna, kuma me ya sa "five-year-old" ba shi da shi?

A kan kalmar da ke ɗauke da ma'anar: *mothers-in-law*, *passers-by*, *commanders-in-chief*. In suna biyu ne a jere, na ƙarshe ke karɓa: *bus stops*, *toothbrushes*. In na farkon *woman* ne, duka biyun ke juyawa, *women doctors*.

In lamba da suna suka haɗu suna siffanta wani sunan, sun zama sifa, kuma mun ce tun a amsar farko sifa ba ta jam'i: *a five-year-old boy*, *a two-bedroom flat*, *a three-day workshop*. Amma *the boy is five years old*. *Hundred*, *thousand*, *million* da *dozen* ma ba sa karɓar *s* bayan lamba, *three hundred people*, sai in ba a faɗi adadi ba, *hundreds of people*.

Me ya sa "s" ke nuna jam'i a suna amma tilo a aikatau?

Haruffan ne suka yi kama, aikinsu daban. *The boy plays*, *the boys play*. Nakan ce wa ɗalibai su ɗauka *s* ɗin guda ɗaya ne tak a jimlar, in suna ya ɗauka aikatau ya haƙura. Sai a kula da sunayen da jam'insu ba shi da *s*, waɗanda muka gani a amsar *children* da ta *police*: *the children play*. A doguwar jimla ka nemi ainihin mai aikin, kada sunan da ke kusa da aikatau ya ja ka: *the price of tomatoes is high*, don farashin ne ya hau. *One of my friends is here*. *A number of students are absent*, amma *the number of students is small*. Masu shirya tambayoyin JAMB suna son waɗannan ƙwarai.

Waƙafin sama na "boy's" jam'i yake nunawa?

A'a, mallaka yake nunawa. *The boy's book* littafin yaro, *the boys' book* littafin yara, *the children's book* tunda jam'in bai ƙare da *s* ba. Jam'i zalla ba ya buƙatar sa, ko a gajartattun sunaye da shekaru: *NGOs*, *ATMs*, *1990s*.

In na sa kalmar Hausa a rubutun Turanci, wane jam'i zan ba ta?

Jaridun Najeriya na Turanci suna yin duka biyun, za ka ga *almajirai* ka ga *almajiris*. Ra'ayina shi ne, kalmar da ta riga ta zauna a Turancin ƙasar nan a ba ta *s*, kamar *mallams*, wadda kuma take baƙuwa a bar mata jam'inta na gida a yi bayaninta sau ɗaya. Abin da ba na so shi ne a haɗa biyun, *almajirais*, irin abin da ya sami *children*. Sunan ƙabila kuma *the Hausa* da *Hausas* duk ana rubutawa.

In na yi shakka, yaya zan tabbatar?

Ƙamus na masu koyon Turanci, na takarda ko na waya, yana sa harafin C a gaban sunan da ake ƙirgawa, U a gaban wanda ba a ƙirgawa, kuma yana rubuta jam'in duk sunan da ya saɓa wa doka. In ka ga C da U tare, karanta misalan, irin su *paper* ne masu ma'ana biyu. Sabuwar kalma kuma kada ka rubuta ta ita kaɗai a littafinka, rubuta ta da abokin tafiyarta: *some advice*, *a pair of scissors*, *the police are*.

A ɗakin jarrabawa babu ƙamus, saboda haka ka ware minti biyar na ƙarshe don karatu ɗaya na musamman. Bi insha'inka da bakin biro, ka tsaya a kan kowace lamba da kowane *many*, *these* da *one of*, ka duba sunan da ya biyo baya. Sannan ka tsaya a kan kowane *is*, *are*, *has* da *have*, ka koma baya ka nemo mai aikin.